Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai: Tarihin Sinadarin Mazantaka da Lafiyar Zuciya

A ƙasar Adar, kamar sauran ƙasar Hausa, akwai ciwon da ba a cika kai wa likita ba, kasuwa ake kai shi. Magidanci yana iya gaya wa maƙwabcinsa zazzaɓinsa da ciwon bayansa ba tare da ya sunkuyar da kai ba, amma ranar da ƙarfinsa na ɗa namiji ya soma ja da baya, sai ya ja bakinsa ya tsuke, ya jira ranar kasuwa. Daga Tawa zuwa Kalfu, daga Barmu zuwa Keita, da wuya kasuwa ta ci ta watse ba a ga mai tallar maganin ƙarfin maza ba, wani da saiwoyi da sassaƙe a kan tabarma, wani da ƙwayoyi da ƙullin zuma a kan tebur. A ƴan shekarun nan kuma wayar salula ta shigo da wata kalma wadda kakanninmu ba su sani ba, wato testosteron, sinadarin da maraina ke haɗawa su zuba cikin jini. Masu tallarsa a intanet suna cewa shi ne mabuɗin ƙuruciya. Masu tsoronsa suna cewa yana kashe zuciya. Wannan gardama ta girmi duk mai karanta wannan shafi, kuma sanin tarihinta zai amfani malamin makaranta da ɗan ƙungiyar al'adu, domin su ne mutanen da ake yi wa tambaya a ɓoye.

Abin da makiyayi ya riga likita sani

Tun kafin a san kalmar sinadari, makiyayan Adar da Azawak sun san cewa asirin namiji yana cikin maraina. Bunsurun da aka dandaƙe ya koma taure: warinsa ya ragu, faɗansa ya kwanta, kitse ya hau jikinsa. Bijimin da aka fiɗiye ya yi ladabi, ya karɓi kaya da garma. Fadojin sarakuna ma sun san haka game da ɗan Adam. Kundin tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya soma bai wa babanni muƙaman sarauta, kuma kowa ya san cewa wanda aka mayar baba tun yana yaro ba ya yin gemu, muryarsa ba ta buɗewa. Malaman daular Sakkwato sun yi rubutu a kan magani. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya wallafa littafi a kan maganin basir, cutar da har gobe Hausawa da yawa ke ɗora wa laifin raunin namiji.

Abin da ya rage shi ne sanin hanyar da maraina ke bi su juya jiki gaba ɗaya. A 1849, a garin Göttingen na ƙasar Jamus, wani malami mai suna Arnold Berthold ya yi gwaji da zakaru shida. Waɗanda ya cire wa maraina suka daina cara, zankonsu ya yamushe, suka daina bin kaji. Waɗanda ya dasa wa maraina a cikin ciki, nesa da mazauninsu na asali, suka ci gaba da cara da faɗa kamar ba a taɓa su ba. Tun da babu jijiyar da ta haɗa sabon wurin da tsohon, sai ya gane cewa wani abu ne ke fita daga maraina ya bi jini. Bai san sunansa ba, bai kuma gan shi ba.

Tsohon Paris da biran Gine

Ranar 1 ga Yuni 1889, shekara goma kafin ayarin Voulet da Chanoine ya afka wa Birnin Ƙonni, wani dattijo mai shekara 72 ya miƙe gaban taron masana a birnin Paris. Sunansa Charles-Édouard Brown-Séquard, babban malami ne da ya gaji kujerar Claude Bernard. Ya shaida wa taron cewa ya niƙa marainan karnuka da na ɓerayen Masar, ya tace ruwan, ya yi wa kansa allura, kuma ƙarfin hannunsa da kaifin tunaninsa sun dawo. Da yake mai maganar ba ƙaramin mutum ba ne, kafin shekara ta zagayo dubban likitoci a Turai da Amurka sun shiga yi wa tsofaffi wannan allura. Shi kansa ya rasu a 1894. A 2002 wasu masu bincike a Ostareliya suka sake haɗa ruwan yadda ya bayyana, suka auna, suka tarar sinadarin da ke ciki bai kai ko kashi ɗaya cikin dubu na abin da zai yi aiki ba, domin maraina ba rumbu ba ne, da zarar sun haɗa sinadarin suke sakinsa. Ƙarfin da dattijon ya ji daga yardarsa ya fito. Wannan shi ne darasin farko na tarihin nan: shaidar mai shan magani, ko da shi masani ne kuma mai gaskiya, ba ta isa hujja ba.

Bayansa sai ga Serge Voronoff, likitan fiɗa haifaffen Rasha wanda ya zama ɗan ƙasar Faransa. Ya yi aiki a Alƙahira daga 1896 zuwa 1910, inda ya lura da babannin fada, ya yi zaton rashin maraina ne ke jawo musu tsufa da wuri. A watan Yuni na 1920 ya soma yanka marainan biri yana dasa wa mutane. Biran kuwa daga ƙasashen Afirka da Faransa ke mulka ake kamo su, musamman Gine, a daidai lokacin da ake kwasar gyaɗa da fatu da sojoji daga wannan yanki namu. Ɗaruruwan masu hannu da shuni suka biya maƙudan kuɗi. Jikin mutum ba ya karɓar tsokar biri, dashen yakan mutu ya bar tabo kawai. Voronoff ya rasu a 1951 bayan sunansa ya zube.

Shekarar 1935 da shigowar zuciya cikin zancen

A 1935 ne aka kama abin da Berthold ya hango. A birnin Amsterdam, Ernst Laqueur da abokan aikinsa suka tace kimanin kilo 100 na marainan bijimai, suka samu miligram 10 kacal na tsantsar sinadarin, suka raɗa masa suna testosteron. A cikin shekarar dai Adolf Butenandt a Jamus da Leopold Ruzicka a Suwizalan, kowa da nasa ayarin, suka gano yadda za a haɗa shi a ɗakin bincike ba tare da an yanka dabba ba. An ba su kyautar Nobel a 1939. Daga nan mazan da suka rasa maraina saboda rauni ko cuta, da waɗanda balaga ta ƙi zo musu, suka samu magani na gaskiya, kuma har yau babu mai gardama a kan amfaninsa gare su.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, farkon haɗuwar testosteron da zuciya, a matsayin maganinta aka kawo shi. A shekarun 1940 wani likita a Boston mai suna Maurice Lesser ya riƙa yi wa masu ciwon ƙirji allurarsa, irin ciwon nan da ke kama mutum idan ya yi sauri ko ya hau tudu saboda jijiyoyin zuciya sun tsuke. A 1946 ya ba da rahoto a kan mutum 100, ya ce kimanin tara cikin kowane goma sun ji sauƙi. Sai dai aikin nasa bai da ma'auni mai ƙarfi, irin na raba majinyata gida biyu da ƙuri'a, a ba wasu magani, a ba wasu holoƙo, ba tare da kowa ya san nasa ba. Wasu magungunan ƙirji suka fito, aka manta da zancen.

Daga baya tunani ya juya. An lura cewa maza sun fi mata kamuwa da bugun zuciya tun suna da sauran ƙarfi, sai aka soma zargin sinadarin mazantaka. Filin wasanni ya ƙara wa zargin nauyi. Jamus ta Gabas ta shafe shekarun 1970 da 1980 tana ɗura wa ƴan wasanta danginsa a asirce, kuma a 1988 aka ƙwace lambar zinariyar Ben Johnson na Kanada a birnin Seoul saboda irin wannan. Binciken da aka yi wa masu ɗaga ƙarfe da suka daɗe suna shan ninkin-ba-ninkin abin da jiki ke bukata ya nuna tsokar zuciyarsu ta raunana, jijiyoyinsu sun cushe. A kan wannan babu saɓani: shan sa fiye da kima yana lalata zuciya. Tambayar da ta rage ita ce ta dattijon da nasa ya ragu, aka mayar masa da shi daidai awo.

Kasuwa ta riga bincike

A shekarar 2000 aka fito da testosteron na shafawa a fata a Amurka, ba sai an yi allura ba. Talla ta cika talabijin, tana tambayar maza ko suna jin gajiya, ko barci na ɗaukar su bayan tuwon dare, ko sha'awa ta ragu. Wane ɗan shekara hamsin ne zai ce a'a? Tsakanin 2001 da 2011 adadin mazan da suka haura shekara 40 masu amfani da shi a Amurka ya ninka sau uku, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba a ma auna jininsu kafin a rubuta musu ba. Alhali wani babban bincike da aka buga a 2010, wanda ya duba maza sama da 3000 a garuruwa takwas na Turai, ya tarar cewa kimanin biyu cikin ɗari ne kawai na ƴan shekara 40 zuwa 79 ke da ƙarancin gaske tare da alamunsa. Raguwar da shekaru ke kawowa, wajen kashi 1 cikin ɗari a shekara, ɗabi'ar jiki ce.

A 2010 ɗin ne kuma hankali ya tashi. An buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Boston da tsofaffi 209 masu wahalar tafiya, wanda aka dakatar kafin lokacinsa: mutum 23 cikin masu shafa sinadarin sun samu matsalar zuciya ko jijiya, a ɗaya ɓangaren kuwa mutum 5. A 2013 da 2014 wasu nazarce-nazarce na takardun asibiti suka ƙara nuna haɗari, wasu kuma suka nuna akasin haka. Hukumomi ma suka rabu. A Nuwamba 2014 hukumar magunguna ta Turai ta ce ba ta ga tabbatacciyar hujjar haɗari ba. A Maris 2015 takwararta ta Amurka, FDA, ta sa a rubuta gargaɗi a jikin kwali, ta kuma tilasta wa kamfanoni su biya kuɗin gwaji babba.

Hukuncin 2023 da iyakarsa

Wannan gwaji, mai suna TRAVERSE, an buga sakamakonsa a watan Yuni na 2023, shekara 134 bayan jawabin Brown-Séquard. An ɗauki maza 5246 ƴan shekara 45 zuwa 80, dukansu masu ciwon zuciya ko masu haɗarin kamuwa da shi. Ba a karɓi kowa ba sai yana da alamu, kuma an auna jininsa sau biyu an tabbatar sinadarin ya yi ƙasa. Rabi suka riƙa shafa magani, rabi suka shafa holoƙo, aka bi su kusan shekara uku. Mutuwa ta dalilin zuciya, ko bugun zuciya, ko shanyewar ɓarin jiki, sun samu mutum 182 cikin masu magani da 190 cikin masu holoƙo. Ke nan a kan babbar tambayar, babu bambanci: bai ƙara ba, bai kuma rage ba.

Amma takardar ba ta ƙare a nan ba. Rikicewar bugawar zuciya ta samu kimanin mutum 35 cikin dubu a ɓangaren magani, 24 a ɗaya ɓangaren. Raunin ƙoda na farat ɗaya, 23 da 15. Gudan jini da ke toshe huhu, 9 da 5. A 2024 aka ƙara gano cewa karayar ƙashi ma ta ɗan fi yawa ga masu maganin. A Fabrairu 2025 FDA ta cire kalaman da ke cewa yana ƙara haɗarin bugun zuciya, ta sa a rubuta cewa yana ɗaga hawan jini, kuma ba ta amince a ba da shi don tsufa kawai ba.

Dalilan ba su da wuyar fahimta. Testosteron yana sa ɓargo ya yawaita jajayen ƙwayoyin jini, jini ya yi kauri. Yana sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa. Shi ya sa a cikin gwajin aka riƙa auna jinin kowa a kai a kai, ana rage awo ko a tsayar da shi idan kaurin ya wuce iyaka. Saboda haka hukuncin 2023 na mutanen da aka auna ne, aka ba su tsantsar magani daidai gwargwado, likita na biye da su. Wanda ya sayi kwalba a tasha ya yi wa kansa allura ba ya cikin wannan lissafi.

Akwai kuma abin da ya kamata kowane magidanci mai son ƙarin zuri'a ya ji. Idan sinadarin ya shigo daga waje, ƙwaƙwalwa takan ɗauka ya wadata, ta daina aika wa maraina umurni, ƙwayoyin haihuwa su ragu ko su ɗauke. A 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta buga gwajin da ta yi da maza 271 a ƙasashe bakwai, inda aka yi amfani da allurar testosteron ta mako-mako a matsayin hanyar hana haihuwa, kuma wajen kashi biyu cikin uku nasu ƙwayoyin suka ɗauke ɗungum. Sau da yawa sukan dawo bayan an daina, amma ana ɗaukar watanni. Angon da ya sha don amarya yana iya jinkirta wa kansa suna.

Gagai ya tafi Amurka, zuma ta zo Adar

Tarihin nan ya taɓa ƙasar Hausa ta hanyar da ba a zata ba. Baƙin gagai, tsiron da masana ke kira Fadogia agrestis, tsohon maganin maza ne a wurin Hausawa. A 2005 masu bincike a Jami'ar Ilorin suka ba ɓeraye ruwansa, suka ga testosteron ɗinsu ya ƙaru. Bayan ƴan shekaru su ɗin dai suka ba da rahoton alamun illa a maraina da hanta da ƙodar ɓerayen da suka daɗe suna sha. Kasuwa ta riƙe labarin farko ta yar da na biyu. Yau ana sayar da gagai cikin kwalabe a Amurka da Turai da sunan mai ƙara sinadarin mazantaka, alhali ba a yi masa babban gwaji a jikin mutane ba. Wanda ya ga kwalbar a waya yana iya cewa Turawa sun gaskata maganin kakanni. Gaskiyar ita ce ƴan kasuwarsu ne suka karɓe shi kafin likitocinsu su gwada.

Kayan da ke zuwa daga waje kuwa suna da nasu ɓoyayyen haɗari. Sinadarin sildenafil, wanda aka fi sani da Viagra, a Ingila aka ƙirƙiro shi don ciwon ƙirji, sannan aka gano ɗaya aikin nasa, aka amince da shi a 1998. Ba testosteron ba ne, jijiyoyin jini yake buɗewa. Idan ya haɗu da magungunan ƙirji na dangin nitrat, jini yana iya faɗuwa har mutum ya sheƙa lahira. A 2021 hukumomin Faransa, a 2022 kuma na Amurka, sun yi gargaɗi a kan zumar ƙarfin maza da ake cewa ta ganye ce zalla, bayan an auna an tarar an zuba mata wannan sinadari ko ɗan'uwansa a ɓoye. OMS ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin kowane magani goma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi jabu ne ko marar inganci, kuma Nijar na cikin ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar Lome ta Janairu 2020 don yaƙi da wannan fatauci. Adar ƙasar matafiya ce. Ƴaƴanta suna Abijan da Legas da Libiya da Aljeriya, kuma tsarabar da ɗa ya kawo wa mahaifinsa ba a tambayar takardarta.

Saƙon da zuciya ke aikowa

Abu mafi muhimmanci da likitoci suka fahimta cikin wannan doguwar tafiya shi ne, raunin namiji sau da yawa daga jijiyoyin jini yake tasowa. Jijiyoyin da ke kai jini ga al'aura faɗinsu milimita 1 zuwa 2 ne, na zuciya kuwa 3 zuwa 4. Idan hawan jini, ko ciwon sukari, ko taba, ko kitse suka soma cushe hanyoyi, ƙaramar hanya ce ke fara toshewa. Shi ya sa raunin kan riga ciwon zuciya bayyana da shekara biyu zuwa biyar. Mutumin da ya rufe wannan alama da ƙwayar kasuwa ya yi kamar wanda ya ji kukan kare da dare, ya tashi ya ɗaure bakin karen ya koma barci.

Ko inda sinadarin ya ragu da gaske, akan sami dalili a bayansa: ƙiba, ciwon sukari, hangum da ya sauka maraina, amosanin jini, ko daɗewa ana shan tramol, ƙwayar da wasu ke sha don ƙarfin aiki ko don jinkiri a shimfiɗa, alhali danginta suna danne testosteron. Gyara dalilin yakan gyara sinadarin. Awon hawan jini ba ya cin minti biyar a ɗakin shan magani na karkara, awon sukari ɗigon jini ɗaya ne, babban asibitin Tawa da na Galmi kuma suna nan ga wanda aka tura gaba. Awon testosteron kansa da safe ake yin sa, kuma ba a yanke hukunci da awo ɗaya.

Harshe ma yana da nasa rabon a cikin matsalar. Kalmar ƙarfi ɗaya ce ke ɗauke da kuzarin noma, da sha'awa, da iya kusantar iyali, da haihuwa, kuma mai talla yana cin riba ne daga wannan cakuɗa, ya sayar da kwalba ɗaya don ciwo huɗu. Malaman Hausa da ƙungiyoyin al'adu suna da abin da likita ba shi da shi: sun san kalmomin kunya da na sakaya, waɗanda dattijo zai iya faɗa a gaban ma'aikacin lafiya sa'an ɗansa ba tare da girmansa ya zube ba. Wasan kwaikwayo da hirar rediyo sun taɓa sa an yi maganar ƙanjamau da tazarar haihuwa a garuruwan da a da ba a furta su. Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Turai da Amurka sun biya kuɗin wannan karin magana da fiye da ƙarni guda na ruwan marainan kare, da dashen biri, da tallar talabijin. Magidancin Kalfu ba ya bukatar ya sake biyan wannan kuɗi da zuciyarsa. Abin da ake nema gare shi shi ne ya miƙa hannu a auna kafin ya buɗe baki ya haɗiya.